Muna Cika Sahun Jana'iza, Muna Gudun Jinya

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu tun daga Badafi har Doguwa, ana faɗinta da alfahari kamar nassi ce, wai Bahaushe ba ya kai majinyacinsa gidan jinya domin zumunci ya wadatar da mu, wai kuma keɓe gida saboda waɗanda ciwonsu ya gagari likita bidi'a ce ta Nasara masu yar da iyayensu. Wannan magana ɓata ce, kuma marasa gata ne ke biyan diyyarta.

Masu faɗinta mai 'ya'ya da jikoki suke dubawa. To, ina tsohuwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya riga ta gidan gaskiya? Ina baƙon da noman rani ya kawo bakin madatsar Tiga, sankara ko shanyewar jiki ta kwantar da shi a zauren wani? Kowa ya san asibitocinmu a kan mai jinya suka dogara, shi zai sayo magani, shi zai ciyar, shi zai juya majinyaci ya wanke masa najasa, saboda haka ran da aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, wanda ba shi da kowa ɗakin da babu kowa zai koma. Maƙwabta za su leƙo da kwanon fura, Allah ya saka musu, amma fura ba ta hana gyambon kwanciya, ba ta kashe raɗaɗin tsakar dare, ba ta kuma laƙƙana wa mai gargarar mutuwa kalmar shahada. Da ya cika, sai gari ya taru, a yi wanka da likkafani da salla, domin an san farali ne na kifaya, alhali haƙƙin rayayye ya fi ƙarfi.

Masu cewa abin na Nasara ne su koma ga Sira. A cikin masallacin Madina Rufaida al-Aslamiyya ta kafa hemarta tana jinyar waɗanda ba su da mai kula da su, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Da dukiyar wakafi Sarki Kalawun ya gina asibitinsa a Alƙahira a 1284, ƙarnuka kafin Cicely Saunders ta buɗe gidanta na jinya, St Christopher, a Landan a 1967. Uganda, ƙasar talakawa irinmu, tun 1993 take da irin wannan hidima, da maganin kashe zafi na ruwa mai araha.

Ina kira ga Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, da hakimanmu da limamai da attajiran Kiru da Bebeji da Tudun Wada: a tsayar da gida guda na wakafi kusa da asibiti, ɓangaren maza daban na mata daban, da ma'aikatan jinya masu albashi da malami mai ziyara. Muddin ba a yi ba, alhakin yana wuyanmu duka.