Kofi a hannu, na 17 a teburi: shin Tottenham ta yi daidai da ta kori Ange?

 Yau zan ɗan ajiye maganar fim da waƙa, ku yi min haƙuri. Amma in kun bi ni zuwa ƙarshe za ku ga cewa ban yi nisa ba, domin kakar da Tottenham ta kammala ta 2024/25, da wani marubucin Kannywood ne ya kawo ta a matsayin labari, da darakta ya ce ya koma ya gyara, ƙaryar ta yi yawa.

Bari in fara da faɗin gaskiya: ni ɗan Arsenal ne. Tottenham maƙwabciyarmu ce a arewacin Landan, kuma duk wanda ya san ƙwallo ya san ba ma ga-maciji. Daren Laraba 21 ga Mayu, a gidan kallon unguwarmu, Manchester United na goya wa baya, abin da ban taɓa tsammanin zan yi ba a rayuwata. Da aka hura usur ɗin tashi, 'yan United suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wasu ko kuɗin shayi ba su tsaya biya ba. Mutum ɗaya tak ne ɗan Tottenham a majalisarmu, shekara da shekaru muna tsokanarsa. Ranar ya juyo ya kalle ni ya ce, "To malam na biyu, ina naka kofin?" Wallahi ban samu amsa ba. Tun ranar nake juya maganar.

Ga yadda kakar ta kasance a Firimiya. Wasa 38, sun ci 11, sun yi canjaras 5, an doke su sau 22. Maki 38, matsayi na 17, wato mataki ɗaya kacal sama da masu faɗuwa. Tun da aka fara Firimiya a 1992 ba su taɓa ƙarewa a ƙasa haka ba. Kuma tun da gasar ta koma wasa 38, babu ƙungiyar da aka taɓa dokewa sau 22 ta tsira sai su. Sun zura ƙwallo 64, an zura musu 65. Ipswich ta zo har gidansu ta samu nasararta ta farko a kakar. Leicester ma ta zo ta ci su 2-1. Sun ba Brighton biyu kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 3-2 an cinye su. Sun ba Chelsea biyu, aka tashi 4-3. Liverpool ta zuba musu shida a Landan, sannan ta ƙara musu biyar a Anfield ranar da ta lashe gasar. Mu ma gida da waje muka doke su.

Amma wannan ƙungiyar dai ita ce ta je Etihad a watan Nuwamba ta lallasa Manchester City 4-0. Ita ce ta je Old Trafford ta ci 3-0. Sau huɗu ta haɗu da United a kakar, sau huɗu ta doke ta. Wannan shi ne abin da ke rikita mutum.

A kofunan cikin gida sun yi rawar gani rabi da rabi. A kofin Carabao sun fitar da City, sun fitar da United da ci 4-3, har suka ci Liverpool 1-0 a wasan farko na kusa da na ƙarshe. Da aka koma Anfield aka yi musu 4-0. Bayan kwana uku Aston Villa ta fitar da su daga kofin FA da ci 2-1. Kafin nan ma sai da aka yi ƙarin lokaci suka iya fitar da Tamworth, ƙaramar ƙungiyar da 'yan wasanta da yawa suna da wasu sana'o'in da suke yi da rana. Cikin mako guda a watan Fabrairu ƙofa biyu suka rufe, saura ɗaya: kofin Europa.

A nan ne labarin ya juya. A zagayen 'yan 16 AZ Alkmaar ta ci su 1-0, suka rama da 3-1. Da Eintracht Frankfurt aka yi 1-1 a Landan, suka je Jamus suka ci 1-0 da fenaretin Dominic Solanke. Bodø/Glimt ta ƙasar Norway suka ci gida da waje, 3-1 da 2-0. Sai wasan ƙarshe a filin San Mamés da ke Bilbao a Sifaniya. Brennan Johnson ya ci a minti na 42, ƙwallon da ko shi kansa ba zai ce mai kyau ba ce, don sai da ta bugi Luke Shaw ta gangara. Bayan haka suka koma baya suka kulle ƙofa. Micky van de Ven ya tashi sama ya fitar da ƙwallon Rasmus Højlund daga kan layi, gola Vicario ya ture ta Shaw a mintunan ƙarshe. Kofinsu na farko tun 2008, kuma na Turai na farko tun 1984. Son Heung-min, wanda ya zo ƙungiyar a 2015, ya sha kashi a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2019 da na Carabao a 2021, shi ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin. Ko ni da ba na son su, hawayensa ya taɓa ni.

To ga inda maganar ta haɗu da harkarmu. Tun watan Satumba, bayan mun doke su 1-0, kocinsu Ange Postecoglou ya ce shi a ko da yaushe yana cin kofi a shekararsa ta biyu. Aka yi ta yi masa dariya wata takwas. Ya cika alkawari. Ranar da suka zagaya gari da kofin, ya ce wa magoya baya duk fim mai dogon zango mai kyau, zango na uku ya fi na biyu daɗi. Bayan haka da 'yan jarida suka tambaye shi, ya yi raha cewa wani lokacin fa akan kashe jarumin fim. Haka kuwa aka yi. Ranar 6 ga Yuni, kwana 16 bayan Bilbao, kuma daidai shekara biyu da ɗaukarsa, shugaban ƙungiyar na lokacin Daniel Levy da sauran mahukunta suka sallame shi. Mako bai cika ba suka ɗauko Thomas Frank daga Brentford.

Majalisarmu ta rabu biyu. Wasu na cewa butulci ne tsagwaronsa. Mutum ya share maka hawayen shekara 17, ya kai ka gasar Zakarun Turai da duk kuɗin da ke cikinta, sai ka nuna masa ƙofa? Kuma suna da hujja mai ƙarfi, wato raunuka. Vicario ya karye a idon sawu a wasan City ɗin nan, sai da aka yi masa aiki. Van de Ven da Cristian Romero, 'yan bayan da ƙungiyar ta dogara da su, sun daɗe a kwance. Har ta kai Archie Gray, yaro ɗan shekara 18 wanda ɗan tsakiya ne, shi ake sa wa ya tsare baya. A wasan ƙarshe ma babu Maddison, babu Kulusevski, babu Bergvall.

Na yarda da duk wannan. Amma ra'ayina shi ne, korar tana da zafi, sai dai ba hauka ba ce. Ga dalilaina uku.

Na farko, matsalar ta girmi raunukan. A kakarsa ta farko Ange ya tara maki 26 a wasa goma na farko, kowa na yabo. Sanarwar korarsa ta ce daga nan zuwa ƙarshe, maki 78 suka samu a wasa 66 na Firimiya. Ku yi lissafin da kanku, bai kai maki ɗaya da rabi a kowane wasa ba, kuma tsawon fiye da shekara ɗaya da rabi. Salon wasansa na tura 'yan baya har tsakiyar fili da gudu ba tsayawa yana da daɗin kallo, amma masu horarwa sun gano laƙaninsa. Akwai ma masu ganin salon da kansa yana cikin abin da ke yaga cinyoyin 'yan wasa.

Na biyu, kofin da ya ci, ba da salonsa ya ci shi ba. Ku tuna Nuwamba 2023, da aka ba Tottenham jan kati biyu a wasa da Chelsea, suka rage mutum tara, amma ya ƙi ja da baya har aka yi musu 4-1. Wannan mutumin ne a Bilbao ya bar wa United ƙwallo, ƙungiyarsa ba ta riƙe ko kashi 30 cikin ɗari ba. Na yaba masa da ya sauya. Amma tambayar da mai ƙungiya zai yi ita ce: wane Ange zan samu a watan Agusta? Na Bilbao, ko na wasa 22 ɗin nan?

Na uku, kuma shi ne babba, caca ya yi. Shi da bakinsa ya faɗa bayan wasan ƙarshe cewa tun ƙarshen Janairu ya yanke shawarar Europa zai sa a gaba. Ya riƙa hutar da manyan 'yan wasa a Firimiya. Abin da ya ba shi wannan damar shi ne, ƙungiyoyi ukun da suka hau gasar sun yi rauni matuƙa: Leicester maki 25, Ipswich 22, Southampton 12. Tazarar maki 13 ce tsakanin Tottenham da faɗuwa, ba don ta yi ƙoƙari ba, sai don na ƙasa sun fi ta lalacewa. Akwai shekarun da maki 38 ba ya tsirar da ƙungiya. West Ham ta faɗi da maki 42 a 2003. Kuma da ƙafar Van de Ven ta makara da daƙiƙa ɗaya, wa ya san yadda daren zai ƙare? A kakar 2025/26 kuwa manyan Turai ne ke jiransu.

Sannan Levy yana da darasi a gabansa. A Mayun 2024 Erik ten Hag ya ƙare na takwas da United, ya doke City 2-1 ya ɗauki kofin FA. Daɗin kofin ya sa aka bar shi, aka tsawaita kwantiraginsa, aka saya masa 'yan wasa. Watan Oktoba aka kore shi. United ta ƙare kakar 2024/25 a na 15 da maki 42, babu kofi, babu Turai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin yi.

Akwai kuma wani gefen da ya dame ni, wato adalcin tsarin kansa. Nottingham Forest, inda namu Ola Aina da Taiwo Awoniyi suka buga kakar, ta tara maki 65. Aston Villa 66. Dukkansu ba su samu gurbin gasar Zakarun Turai ba, amma mai maki 38 ta samu. Arsène Wenger ya fito ya ce bai dace wanda ya ci Europa ya wuce kai tsaye ba, musamman a gasar da ta riga ta samu gurbi biyar. Mutane suka ce tsohon ɗan Arsenal ne ke magana. Wataƙila. Amma doka ce kowa ya sani tun kafin a fara, kuma Tottenham ba ta saci komai ba.

Yanzu bari in koma kan tambayar abokina, don ita ce ta hana ni barci. Mu mun ƙare na biyu da maki 74, karo na uku a jere. Mun fitar da Real Madrid, PSG ta fitar da mu a kusa da na ƙarshe. A ƙarshen kakar 2024/25, rabonmu da babban kofi tun FA na 2020. A kakar da Newcastle ta ɗauki Carabao bayan shekara 70 ba kofin cikin gida, Crystal Palace ta ɗauki babban kofinta na farko a tarihi, Harry Kane ma ya samu nasa a Bayern Munich, mu hannu rabbana muka tashi. Shin zan yarda a yi musanya, a ba ni kakar Tottenham a karɓi tamu?

Gaskiya ba zan yarda ba, don na fi son ƙungiyar da na san za ta sake yin takara baɗi. Amma ba zan yi ƙarya in ce ban yi kishin daren ba. Kamar fim ne mai dogon zango: akwai wanda kowane sati yana da kyau amma ƙarshensa lami, akwai wanda ka yi ta zagin marubucin wata da watanni, sai fitowar ƙarshe ta sa ka kuka. Bayan shekara goma, na biyun ake tunawa. Ba wanda zai tuna Ipswich ta ci su. Za a tuna Son da kofi a sama.

Saboda haka a wurina abu biyu ne, kuma duka gaskiya ne. Ange ya ba magoya bayan Tottenham abin da Pochettino da Mourinho da Conte ba su ba su ba, sunansa ya zauna. Levy kuma aikinsa a lokacin ba tuna jiya ba ne, tsara gobe ne. Sai dai ya sani ya ɗora wa kansa kaya. Tun lokacin a fili yake cewa in Frank ya kai su na shida ko na bakwai ba kofi, magoya baya za su tambaye shi me aka ƙaru da shi. Jarrabawar farko ta zo a watan Agustan 2025, Super Cup da PSG, ƙungiyar da ta yi wa Inter 5-0 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai.

Abokina dai har yanzu da rigar Tottenham yake zuwa wurin mai shayi, kuma ya daina kirana da sunana, sai "na biyu". Ku fa, in an ba ku zaɓi, matsayi na biyu ba kofi ko na 17 da kofi, wanne za ku ɗauka? 'Yan United ban da ku, ku huta tukuna.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, za mu koma kan harkarmu in sha Allahu.