Ƙarancin Mota Kaɗai Ba Ya Tsare Farashinta

Duk ma'aikacin da ya taɓa cin bashin mota ya san cewa ran da ya fito da ita daga kamfani, ran nan darajarta ta fara raguwa. Amma akwai wani jinsin motoci a Turai da Amurka wanda ake cewa wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba, watau motocin gudu na alfarma waɗanda kamfani kan ƙera 'yan ɗaruruwa kawai sa'an nan ya rufe. Dillalai sun daɗe suna yayata cewa sayen irin waɗannan motoci ajiya ce wadda ta fi ta banki. Abin da ya faru tun daga 1987 bai gaskata su baki ɗaya ba.

A shekarar nan ne kamfanin Ferrari na Italiya ya fito da motar F40 domin bikin cikarsa shekara arba'in, da niyyar ƙera kimanin guda 400. Da Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya mutu a watan Agusta na 1988, sai 'yan baranda suka yi ca a kanta, suna cewa ita ce mota ta ƙarshe da tsohon ya sa wa hannu. Kafin 1990 an kai ga sayar da ita fam miliyan ɗaya a Ingila, watau ninkin ba ninkin kuɗinta na kamfani. Kamfanin kuwa da ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya ci gaba da ƙerawa har ya wuce 1,300. Ana cikin haka kuɗin ruwa a Ingila ya kai kashi 15 cikin ɗari, kasuwar hannun jari ta Japan ta faɗi, masu sayen da bashi suka shiga neman mai karɓa. Farashi ya rikito.

Labarin Jaguar XJ220 ya fi wannan muni, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. A 1988 aka nuna samfurinta a bikin baje kolin motoci na Birmingham, da inji mai silinda 12 wanda ke juya ƙafafu huɗu. Mutane suka yi rububin biyan kafin alƙalami na fam dubu 50 kowanne, da yawansu ba don su hau ba, sai don su sayar da gurbinsu da riba. Da motar ta fito a 1992, sai ga ta da silinda 6, tana tafiya da ƙafafun baya kaɗai, kuɗinta kuma ya kai wajen fam dubu 470. Gudu dai tana da shi, har ta fi duk wata motar kan titi ta lokacin. Amma tattalin arziki ya riga ya karye, masu kafin alƙalami suka nemi janyewa, har magana ta kai gaban kotu. Ba a ƙera ko 300 ba, duk da haka wasu suka yi shekaru a ajiye ba mai saye, daga baya aka rabu da su a kan abin da bai kai sulusin kuɗinsu ba. Ga ƙaranci, ga gudu, ga suna, amma babu kasuwa.

Sai kuma McLaren F1, wadda ta fito daidai lokacin da kasuwa ta mutu. Kuɗinta ya haura fam rabin miliyan, masu saye kuwa ba su zo da yawa ba, shi ya sa aka tsaya a kan guda 106 tsakanin 1992 da 1998, 64 daga ciki na hawa bisa titi. Ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1995. A 2021 an sayar da guda ɗaya a gwanjo a Kalifoniya a kan fiye da dala miliyan 20. Abin lura shi ne, rashin kasuwar da ta sha da farko shi ya jawo ƙarancin da ake biyan wannan kuɗi saboda shi.

Idan aka jera waɗannan uku za a ga cewa adadin da kamfani ya ambata ran buɗe mota alkawari ne kawai, kuma kamfanin ne ke da ikon cika shi ko saɓa shi. Mai saye ba shi da ta cewa. Na biyu, hauhawar da ake gani a shekara ɗaya ko biyu na farko ta fi bin arahar bashi da yawan 'yan baranda a kan ingancin motar. Gaskiya ne F40 ta sake tashi, har ta wuce dala miliyan biyu a gwanjo a 'yan shekarun nan. Amma wanda ya saya a 1990 sai da ya jira shekaru da dama kafin ya ga kuɗinsa, yana biyan inshora da makaniki na musamman da wurin ajiya, ga kuma hauhawar farashin kaya tana cin darajar kuɗin da kansu. Dillalai ba su cika sa wannan a lissafinsu ba, kamar yadda ba su cika ambaton motocin da suka faɗi ba su tashi ba.

Su kansu kamfanonin sun gane cewa ɗan baranda yana ɓata musu suna. Da kamfanin Ford na Amurka ya fito da sabuwar GT, sai da mutum ya cika takardar neman izini kafin a sayar masa, ya kuma sa hannu cewa ba zai sayar ba sai bayan shekara biyu. A 2017 kamfanin ya kai ɗan kokawa John Cena ƙara saboda ya sayar da tasa bayan 'yan makonni, aka sasanta a 2018. Wannan mataki yana da ma'ana, domin yana raba mai son mota da mai son riba. Sai dai yana nuna wani abu kuma: farashin da ake gani a kasuwa cikin waɗannan shekaru biyu, na 'yan motocin da suka sulale ne ta bayan fage, alhali sauran suna ɗaure da yarjejeniya suna jiran ranar da wa'adi zai cika su fito tare.