Kebbe Ba Kebbi Ba Ce: Mu Sa Garuruwanmu A Taswira Da Hannunmu

Ɗauki wayarka ka buɗe manhajar taswira, kowacce kake da ita. Fara da birnin Sakkwato: ga tituna da sunayensu, gidajen mai, asibitoci da otal-otal. Sai ka ja yatsa ka gangaro kudu ta babban titin da ya ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal, ka karkata wajen Kebbe. Daga nan taswira take fara ramewa. Sunan gari ɗaya nan, ɗaya can, tsakaninsu fili fetal kamar ba kowa. Alhali ƙidayar 2006 ta samu mutum fiye da 120,000 a ƙaramar hukumar Kebbe, kuma an ƙaru tun daga lokacin. Ko sunan ma yana shan wahala, don harafi ɗaya ne tsakanin Kebbe ta jihar Sakkwato da jihar Kebbi maƙwabciyarta, kuma baƙo ba ya wuyar ruɗewa.

A ganina babu kamfanin da zai zo ya cike mana wannan fili. Google ɗan kasuwa ne, inda talla da ciniki suke nan ya fi zuba ido. Idan ana son Kuchi da Margai da Fakku da Ungushi, ko Sanyinna da Dogon Daji da Jabo, su fito a taswira da unguwanninsu da hanyoyinsu, to matasan wuraren ne za su zauna su sa su. Wurin yin hakan kuwa yana nan a buɗe, kyauta, sunansa OpenStreetMap.

Wani Bature mai suna Steve Coast ne ya kafa shi a Ingila a 2004. Tsarinsa irin na Wikipedia ne: ka buɗe asusu da imel, ka zana titi ko ka sa sunan gari, cikin 'yan mintuna ya fito a shafin. Abin da ka ƙara a Google Maps ya zama kayan Google. Wanda ka ƙara a OpenStreetMap kowa na iya sauke shi ya yi aiki da shi, ma'aikatar lafiya ce, ɗalibi ne ko mai haɗa manhaja, muddin zai faɗi inda ya samo. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps da shi suke aiki, kuma idan ka sauke taswirar yankinku sau ɗaya, za ta ci gaba da nuna maka hanya ko babu sabis.

Wani zai ce, mu da muka san hanyarmu, me za mu yi da taswira? Amsar tana cikin tarihin yaƙi da shan-inna. Shekara da shekaru masu rigakafi a Arewa suna aiki da taswirar da aka zana da hannu a takarda. Daga 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan Adam, aka fara daga Kano, inda ƙungiyar eHealth Africa take aiki, sannan aka faɗaɗa zuwa sauran jihohi. Sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin lissafin kowa, wato yaran da ke can ba a kai musu ɗigon rigakafi. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, kuma gyaran taswira na cikin abubuwan da suka kai mu nan. Ƙauyen da ba ya taswira, da wuya ya shiga jerin wuraren da za a haƙa rijiyar burtsatse ko a kai gidan sauro.

Masu aikin sa-kai ma sun nuna abin da za su iya. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, mutane daga ƙasashe daban-daban suka zauna gaban kwamfuta suka zana birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da taswirar. Haka aka yi wa garin Guéckédou na Gini lokacin Ebola a 2014. A shekarar ce kuma aka kafa shirin Missing Maps, wanda ke shirya irin wannan zama don zana yankunan da aka manta.

Sai dai ga inda nake son mu tsaya. Ɗan sa-kai da ke Landan ko Legas yana iya bin hoton tauraron ɗan Adam ya zana rufin gida da layin hanya. Ba zai taɓa sanin sunan unguwar ba. Ba zai bambance makarantar allo da gidan mai gari ba, kuma ginin ƙasa sau da yawa sajewa yake da launin fili, rumbu ya yi kama da ɗaki. Hoton kansa mai yiwuwa da rani aka ɗauke shi shekaru da suka wuce, don haka ba zai nuna cewa hanyar da ta ratsa fadamar gulbin Zamfara tana yankewa da damina ba, ko cewa wata hanyar babur kaɗai ke bin ta. Ɗan kabu-kabu na tashar Kebbe ya san wannan duka a ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. OpenStreetMap har gurbi ya ware na rubuta sunan wuri da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa, ba yadda baƙo ya ji ya rubuta ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba zan tsallake ba: tsaro. Kebbe tana iyaka da Zamfara, kuma ƙauyukanta sun ɗanɗana harin 'yan bindiga. Duk abin da ka sa a wannan taswira, na kirki da mugu duk suna gani. Ni dai ban yarda taswira ce za ta koya wa ɗan bindiga daji ba, ya riga ya san shi fiye da mu, ga kuma masu kai masa rahoto. Wanda rashin taswira ke cutarwa shi ne direban motar asibiti da ma'aikacin agaji da aka turo daga nesa. Amma hakan bai ba mu lasisin sa komai ba. A sa sunan gari, hanya, makaranta, asibiti, kasuwa, rijiya da gada. Kada a sa sansanin 'yan sintiri, shingen jami'an tsaro, garken shanu, ko hanyar da mutane ke bi su tsira. Sunan mai gida kuwa ko a dokar shafin ba a sa shi. Kuma kada saurayi ya kama yawo yana ɗaga waya a ƙauyen da ba a san shi ba, yanzu a ɗauke shi infoma. A fara gaida hakimi da mai gari, a yi musu bayani, kowa kuma ya yi aiki a garinsu.

Zaman kansa ba ya cin kuɗi sosai. Aji ɗaya na makarantar sakandare ranar Asabar, janareta ko sola na caji, kwamfutar tafi-da-gidanka biyu ko uku don zanen hanyoyi, sauran mutane da wayoyinsu. Masu Android su sauke StreetComplete, wadda tambayoyi kawai take yi, kamar ko wannan titin kwalta ne ko ƙasa. Ko Vespucci ga wanda hannunsa ya faɗa. Masu iPhone akwai Go Map!!. GPS na waya ba ya buƙatar data, don haka ana iya tattara bayani a ƙauye a ɗora shi idan an dawo inda sabis yake. A gayyato ɗan kabu-kabu ɗaya da ma'aikaciyar lafiya ɗaya, ko da ba su taɓa zana komai ba, don su ne za su gyara sunaye.

Doka ɗaya da ba a sassauta ta: kada a kwafo daga Google Maps, domin kayan wani ne, kuma idan aka gano ana iya goge aikin gaba ɗaya. Sannan kada a ɗauko ƙaramar hukuma sukutum a rana ɗaya. Mazaɓu 10 ne a Kebbe. A ɗauki guda, a gama ta da kyau, a buga taswirar a takarda a kai wa mai gari da dattawa su duba sunayen kafin a wuce ta gaba.