Bakolori Ta Cancanci Baƙi

Duk sa'ad da aka ɗauko zancen yawon buɗe ido a Arewa, sai a ambaci Yankari da bikin kamun kifi na Argungu, daga nan a yi shiru. Da wuya a ji an ce Bakolori. Alhali kuwa madatsar ruwan nan da aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, tsawonta ya haura kilomita 5, tafkinta kuma ya mamaye kadada wajen 8,000. Daga cikinsa ne magudanai suka ratsa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda a tsakiyar rani, ko'ina ya bushe ƙayau, ido zai ci karo da shinkafa kore shar. Ga masunta da jiragensu, ga kuma kasuwar Mafara ta ranar Talata.

Ba shakka ƙasashen da ba su kai Nijeriya arziki ba sun ci gajiyar abin da bai fi wannan ba. Gambiya ba ta kai rabin Jihar Zamfara girma ba, amma baƙi na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta. Abin lura shi ne ba ta tsaya ga nuna bakin teku ba. Tsibirin Kunta Kinte, inda aka riƙa tsare bayi kafin a haura da su, yana cikin wuraren da take kai baƙo, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003.

Bakolori ma tana da nata tabon. Ruwan ya ci gonaki da ƙauyukan dubban talakawa, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu, 1980, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba, mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Ɗalibi da yawa ya gama jami'a bai taɓa jin wannan labari ba. Lalle ne duk wani shirin jawo baƙi ya haɗa da ɗakin tarihi a bakin madatsar, a ɗauki bayanin dattawan da suka ga abin da idonsu tun suna raye.

Sai dai kafin wannan duka akwai maganar tsaro. Babu uban da zai bar ɗansa zuwa yawon makaranta a yankin da aka kwashe 'yan matan Jangebe a 2021, muddin 'yan bindiga na tare hanya. Manomin da ke tsoron zuwa gonarsa kuwa ba zai iya saukar da baƙo ba.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Jihar Zamfara da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su fara da tsare hanyar Gusau zuwa Mafara da ƙauyukan bakin tafki. In wannan ya samu, ba sai an jira Turawa ba. A soma da ɗaliban aikin gona da na injiniya na jami'o'in Sakkwato da Gusau, da ma'aikatan gwamnati masu hutun ƙarshen mako, a tanadar musu masauki mai tsabta, jagororinsu kuma a ɗauko su daga cikin 'ya'yan waɗanda aka tasa.