Lasifikar Da Ke Watsa Sauti Ta Kowane Gefe

Lasifikar da aka saba da ita akwati ce mai fuska guda, tana jefa sauti gaba kamar yadda tocila ke jefa haske. Wanda ya zauna daidai tsakanin akwatunan biyu shi ne ya more, na gefe kuwa sai dai ya ji rabin kiɗa. Amma akwai wata irin wadda aikinta ya fi kama da na fitilar ƙwai, watau tana watsa sauti gaba da baya, dama da hagu. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma mai saye yakan manta cewa rabin abin da zai ji daga bangon ɗakinsa zai fito.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka cusa wannan ra'ayi a gidajen jama'a shi ne Amar Bose, malami a makarantar fasaha ta MIT a Amurka. A ganinsa, mai sauraro a babban zauren kiɗa yawancin abin da ke isa kunnensa ya riga ya bugi bango ko rufi. Saboda haka a 1968 ya fito da Bose 901 mai ƙananan bakuna 9, guda 8 suna kallon bango, 1 tak ke kallon mai sauraro. Ba ta ko'ina take watsawa sosai ba, amma dangin ne. Ta gaskiyar ita ce ƙirar Lincoln Walsh, wadda kamfanin Ohm na Niyok ya kai kasuwa a farkon shekarun 1970, mai baki guda kamar mazurari da aka kife, yana kaɗawa ta duk kewayensa. Daga baya kamfanin MBL na Balin ya yi tasa mai siffar kankana.

Abin da kunne ke fara lura da shi shi ne fili. Kiɗan yakan rabu da akwatunan, ya cika ɗaki, mutum ya tashi daga kujera ya koma bakin ƙofa bai rasa kome ba. Ga falo mai yawan baƙi wannan babbar riba ce, haka kuma ga faifan babbar ƙungiyar makaɗa. Inda gizo ke saƙa shi ne muryar mawaƙi guda. Maimakon ta tsaya cak a tsakiya, sai ta baje, har a rasa inda mai ita yake tsaye. Dalili kuwa, faifan ya riga ya ɗauko amsa-kuwwar wurin da aka naɗe shi, ga kuma ɗaki ya ƙara tasa a kai.

Wannan magana har kotu ta kai. A 1970 mujallar Consumer Reports ta gwada Bose 901, ta ce gogen Turawa ya yi faɗin ƙafa 10, fiyano ya miƙe daga bango zuwa bango, kayan kiɗa kuma suna yawo a cikin ɗaki. Kamfanin ya yi ƙara. A gaban alƙali ta bayyana cewa abin da mai gwajin ya ji shi ne yawo a jikin bango, ba a tsakar ɗaki ba, kuma a kan wannan ɗan bambanci aka yi ta jan zare har 1984, lokacin da Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba mujallar gaskiya, don ba a tabbatar da gangan ta yi kuskuren ba.

To, batun wurin ajiyewa lissafi ne mai sauƙi. Sauti yana tafiyar kamar mita 343 a daƙiƙa. Idan lasifika tana mita 1 daga bango, sautin da ya je ya dawo ya ƙara tafiyar mita 2, watau ya makara da kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa. Makara irin wannan kunne yakan ɗauke ta a matsayin faɗin wuri. Idan aka manna ta da bango kuwa, sautin biyu sukan haɗu su dagule, kaurin ganga ya danne kome, balle a kusurwa, inda abin ke zama gunji. Bose 901 ce ta fita daban, domin an ƙera ta ne ta tsaya inci 12 zuwa 18 daga bango mai tauri, labule a bayanta kashe ta yake yi. Wajibi ne kuma gefen dama da na hagu su yi kama. In ɗaya tana kusa da bango ɗayar tana bakin buɗaɗɗiyar ƙofa, kiɗan zai karkata gefe guda.

Gidajen ƙasar nan masu bangon siminti, da daɓen tayil, da tagogin gilashi, su ne masu wuyar sha'ani. Mai gida ya tsaya a tsakiyar falo ya tafa hannu sau ɗaya. In ya ji wani ziri yana biyo bayan tafin, to sai an shimfiɗa darduma mai kauri, an sa kujerun kushin da kantar littattafai, kafin a kawo irin wannan lasifika. Ɗakin da bai wuce ƙafa 12 ba kuwa, in aka bar mita guda a kowane gefe, wurin zama ma ba zai ragu ba, gara mai shi ya tsaya a kan akwati mai fuska guda.