Tsakanin Marar Madubi Da 'Yar Aljihu: Shawara Ga Mai Son Sayen Kyamarar Farko

A 'yan shekarun nan sana'ar ɗaukar hoto ta zama hanyar neman abinci ga ɗimbin matasanmu. Da wuya a yi biki, ko suna, ko walimar kammala karatu ba ka ga saurayi ko budurwa rataye da kyamara ba. A jami'o'i kuwa, ɗaliban aikin jarida da masu binciken tarihi da al'adu duk suna bukatar abin da za su adana abin da idonsu ya gani. Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga irin waɗannan matasa ita ce: wacce zan saya, ƙaramar kyamara marar madubi irin ta masu fara koyo, ko 'yar mitsitsiyar nan da ke shiga aljihu? Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsadar gaske. Wanda ya tara kuɗin shekara guda ya sayi kyamarar da ba ta dace da aikinsa ba, kafin ya sake tara wasu an kwana biyu.

Bari mu fara da sanin su wane ne 'yan takarar. Manyan kyamarorin da muka saba gani a hannun masu hoto suna da wani madubi a cikinsu, wanda ke karkato haske zuwa tagar da mai hoto ke leƙawa. A shekarar 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, wadda aka cire mata wannan madubi, aka bar haske ya faɗa kai tsaye kan sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Jiki ya ragu, nauyi ya ragu, amma aka bar mata babbar baiwar yayyenta: ana iya kwance gilashin gabanta, wanda masu hoto ke kira lens, a ɗaura wani. Sony ya bi sahu a 2010, kuma a 2018 Canon da Nikon suka shigo fagen da ƙarfinsu. A yau ƙananan cikinsu su ne irin Canon R100 da R50, da Sony ZV-E10, da Nikon Z30. Ita kuwa 'yar aljihu gilashinta a manne yake. Yana fitowa in an kunna ta, ya koma ciki in an kashe. Yadda ka saye ta haka za ta kasance har ranar da za ku rabu.

Sai dai akwai ɗan takara na uku da mutane ke mantawa da shi, alhali yana cikin aljihunsu: wayar salula. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar kamfanonin ƙera kyamara ta ƙasar Japan, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Mafi yawan waɗanda suka ɓace 'yan aljihu ne, kuma waya ce ta cinye kasuwarsu, har kamfanin Casio ya daina ƙera su a 2018. Saboda haka kafin ka tambayi wacce ta fi, fara tambayar kanka: a ina wayata take gazawa? In ba ka da amsa, to riƙe kuɗinka tukuna. In kuwa amsarka ita ce tana gazawa a wuri mai ƙarancin haske, ko wajen zuƙo abin da ke nesa, ko wajen kama abin da ke gudu, to ka san ciwon da kake nema wa magani.

Tushen maganar duka yana kan girman sensa. Ka ɗauka ana ruwan sama, wani ya tara kofi, wani ya tara kwano, wani ya tara baho. Ruwan da kowa zai samu gwargwadon faɗin bakin mazubinsa ne. Haka haske yake ga sensa. 'Yar aljihu mai araha tana da sensa mai faɗin kimanin milimita 6 da tsawon milimita 4 da rabi, wanda bai fi na wayoyi da yawa ba. 'Yar aljihu mai daraja, irin Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012 ko Canon G7 X ta 2014, tana da sensar da ake kira mai inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wadda ta ninka ta farkon sau huɗu. Mafi yawan marasa madubi na masu farawa kuwa suna da sensa ta kimanin milimita 23.5 da 15.6, wadda ta ninka mai inci ɗaya sau uku, ta ninka ta 'yar araha sau goma sha uku. Wannan bambanci ba ya fitowa sosai da rana tsaka a fili. Yana fitowa ne bayan magariba, ko a cikin ɗakin amarya, inda hoton ƙaramar sensa ke cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi.

A nan ne mai saye ke faɗawa tarko na farko, wato yawan megafiksel da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Raba gona gida ashirin ba ya ƙara mata ko taku ɗaya. Megafiksel 20 a kan ƙaramar sensa ba daidai yake da megafiksel 20 a kan babba ba. Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma masu sayen marar madubi yake kamawa. Gilashin da ake haɗowa da ita a cikin kwali yawanci mai ƙunƙuntar ƙofar haske ne. Ana auna wannan ƙofa da lamba mai harafin f, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon faɗin ƙofar. In ka zuƙo da gilashin kwali har ƙarshe, ƙofarsa takan tsaya a f/5.6 ko f/6.3, alhali ta G7 X tana tsayawa a f/2.8. Ƙofar f/2.8 tana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6. Ka ga ke nan fifikon da babbar sensa ta samu na ninki uku ya tafi a banza. Wanda ya sayi marar madubi ya tsaya kan gilashin kwali har abada, ya ɗauki nauyi ne kawai bai ci ribarsa ba. Ribar tana zuwa ne ranar da ya ɗaura mata gilashi mai f/1.8, wanda ke shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, ya kuma dusashe bayan mutum har fuskarsa ta fito ita kaɗai, irin hoton da masu biki ke biyan kuɗi dominsa.

Shi ya sa nake kwatanta sayen marar madubi da sayen doki. Kuɗin doki somin taɓi ne: akwai sirdi, akwai linzami, akwai harawa da dusa kullum. Bayan jikin kyamara akwai gilashi na biyu, da batir na biyu, da katin ajiya mai sauri, da jaka, da fitilar filasha, da makirfo in bidiyo za ka yi. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan jikin kyamara kaɗai ya zama mai doki ba sirdi. Ya fi kyau ka sayi jiki mai sauƙin kuɗi, ko da na hannu ne, ka bar wani kaso mai tsoka domin gilashi. Jiki yana tsufa cikin 'yan shekaru saboda sababbin da ke fitowa, amma gilashi mai kyau yakan yi shekara goma ko fiye yana aiki, kuma darajarsa ba ta faɗuwa da sauri in ka tashi sayarwa.

Tun da yawancinmu ta hannu za mu saya, akwai abin lura. Kowane kamfani yana da irin bakin da gilashinsa ke ɗauruwa a kai, kuma wasu bakunan an daina yi musu gilashi. Nikon ya rufe jerin Nikon 1 a 2018, Samsung ya fita daga harkar kyamara gaba ɗaya, Canon kuma ya bar jerin EOS M ya koma kan na R, waɗanda gilasansu ba sa hawa kan na M. Irin waɗannan kyamarori suna ɗaukar hoto mai kyau, kuma arahar tasu tana jan ido, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka biya, bincika ko ana samun gilashinta da batirinta a inda kake. Nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama da ƙofar haske a tsuke, ka duba ko akwai tabo. Ba a cinikin biri a sama.

Kada wannan ya sa a ɗauka 'yar aljihu ba ta da ranarta. RX100 ta farko nauyinta giram 240 ne, alhali R50 da gilashin kwalinta sun kai rabin kilo, kuma ba sa shiga aljihun kowace riga. Kyamarar da sai an ɗauko jaka kafin a fita da ita, sau da yawa a gida take kwana. Akwai kuma abin da duk mai binciken da ya shiga ƙauye ko kasuwa ya sani: babbar kyamara tana sauya mutane. Da zarar an ɗaga ta, maƙeri ya gyara zama, mai awo ta ja mayafi, yara su yi dafifi, wani kuma ya ɗauka daga hukuma aka turo ka. Ƙaramar kyamara ba ta tayar da wannan ƙura. Ga ɗalibar da ke nazarin kitso ko saƙa a cikin gidaje, ko ɗalibin da ke ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen ajami a zauren wani malami, 'yar aljihu mai sensar inci ɗaya ta fi dacewa. Amma ƙanƙantarta ba lasisin satar hoton mutane ba ce. Neman izini wajibi ne, musamman ga mata da yara, ko da me kake ɗauka. Sannan a sani cewa 'yar aljihu mai daraja ba ta da araha. Sau da yawa kuɗinta kan kai na ƙaramar marar madubi, ko ma ya wuce.

Yanayin ƙasarmu ma yana da ta cewa. Ƙurar hunturu abokiyar gabar kowace kyamara ce, sai dai ɓarnar ta bambanta. Marar madubi sensarta a buɗe take da zarar an kwance gilashi, don haka ba a sauya gilashi a fili cikin iska; amma in ƙura ta shiga, ana iya hure ta ko a goge. 'Yar aljihu kuwa gilashinta mai shiga da fita yana iya zuƙo ƙura zuwa ciki, inda hannu ba ya kaiwa sai an kwance ta gaba ɗaya, kuma in yashi ya maƙale gilashin, kyamarar duka ta tsaya. Batun wuta kuma, dukansu biyu ba su da dogon numfashi. Hoto ɗari biyu zuwa ɗari huɗu batir ya ƙare. A inda lantarki ba shi da tabbas, zaɓi wadda ake iya yi wa caji da fawa bank, ka kuma tabbatar da haka kafin ka saya, domin ba dukansu ke yi ba.

Ɗauki hawan Sallah na Kano a matsayin ma'auni, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disambar 2024. Mai son ya kama mahayi a guje ranar Hawan Daushe, daga nesa, cikin ƙura, yana bukatar dogon gilashi da kyamarar da ke bin abin da ke motsi. Wannan aikin marar madubi ne. Mai son ya kutsa cikin 'yan kallo ya ɗauki masu algaita, da masu sayar da ruwa, da yaro a wuyan mahaifinsa, 'yar aljihu ta fi masa sauƙi. Rana ɗaya, fili ɗaya, amma aiki biyu ne daban.

Ga inda na tsaya. In kana son ka ci abinci da hoto, ko ka koyi sana'ar daga tushe, sayi marar madubi, ka yi kasafin gilashi mai faɗin ƙofa tun ranar farko. Ita ce ke karɓar filasha da makirfo, waɗanda mafi yawan 'yan aljihu ba su da gurbinsu, kuma ita ce za ta girma tare da kai. In aikinka bincike ne, ko tafiye-tafiye, ko rahoto daga wuraren da babbar kyamara ke jawo ido, sayi 'yar aljihu, amma kada ka sauka ƙasa da sensar inci ɗaya. 'Yar aljihu mai ƙaramar sensa kuwa, in ba zuƙo nesa kaɗai kake bukata ba, kuɗinta gara ka ƙara su ka sayi waya mai kyau.

Daga ƙarshe, kada zaɓen ya ɗauke ka wata shida. Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da 'yar akwatin Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935. J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya, da Brownie ya fara a 1950, kuma daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan har suka kai kusan dubu, waɗanda a yau gidajen tarihi na duniya ke adanawa. Mafi ƙanƙantar kyamarorin da muka ambata ta fi abin da suka fara da shi nesa ba kusa ba. A daidai lokacin da muke gardamar lambobi, ganuwa tana zaizayewa, marina suna raguwa, tsofaffin da suka san tarihin unguwanninmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ajiye ko da fuskarsu ba. Wace ce ka saya, ka fita da ita.