ZANCEN GIDA: Hutun Iyali A Bakin Teku

Masu karatu, in watan Yuli ya kama a ƙasar Faransa aka rufe makarantu, sai hanyoyin kudu su cika da motoci. A bayan kowace mota akwai tanti a naɗe, da tukwane, da ɗan murhun gas, da kekunan yara a ɗaure. Bakin teku suka nufa, za su yi mako biyu ko uku.

Akwai wani gari wai shi Arjeles a bakin Bahar Rum, dab da iyakar Sifen. Mazaunansa ba su wuce dubu 10 da 'yan kai ba, amma zangon masu tanti a kewayensa ya kai wajen 50, ga rairayin bakin ruwa mai tsawon kilomita 7. Zangon nan fili ne babba da aka shinge. Manyan cikinsu sukan ɗauki mutum dubbai. An yanka filin kashi-kashi, kowane iyali da nasu, misalin taku goma tsawo goma faɗi, an ba shi lamba. Mai hali yakan kama ɗan gidan katako da aka riga aka kafa, saura kuwa su kafa tantinsu. Dole a buga turaku da kyau, gama akwai iska mai ƙarfi da take busowa daga arewa a yankin nan, ba ta jin kunyar tanti.

Na san abin da waɗansu za su ce. A wurinmu tanti na soja ne, ko na wanda tashin hankali ya kora daga gida. To, rairayin Arjeles ma ya ga irin wannan. A farkon 1939, da yaƙin basasar Sifen ya zo ƙarshe, an tsare dubban 'yan gudun hijira a wurin cikin sanyi, an kewaye su da waya, da yawa suka mutu. Yashin da yara suke wasa a kai yau ke nan.

Hutun kuwa ba da shi aka haife su ba. Sai a 1936 gwamnatin Leon Blum ta yi dokar a ba kowane ma'aikaci mako 2 a shekara, albashinsa yana tafiya, aka kuma rage musu kuɗin jirgin ƙasa. Ya zama mako 3 a 1956, mako 4 a 1969, mako 5 a 1982. Talaka ba shi da kuɗin otal, shi ya sa tanti ya karɓu. Har yanzu ma kusan mutum 4 cikin 10 ba sa zuwa ko'ina.

Ba dukan abin da ake yi a zangon nan nake yabo ba. Shigar bakin ruwa ba ta yi mini ba, ga kiɗa da shaye-shaye da dare, ranar Lahadi kuwa da yawa ba su san ta zo ba. Teku ma ba rafin bayan gari ba ce. Akwai masu tsaro da tutoci: kore a shiga, rawaya a yi hankali, ja kada kowa ya kuskura.

Amma ga abin da ya sa na kawo zancen. A tanti babu ɗakin girki, babu zaure. Wurin wanke kwanuka ɗaya ne na kowa da kowa, da yamma kuwa za a ga magidanta a jere da kwanuka a roba, yaransu suna gogewa. Da safe a aiki yaro ya sayo burodi a kantin zangon. Abinci mai sauƙi ne, tukunya ɗaya. Uba ba shi da ofishin da zai gudu, ba shi da majalisar abokai, sai ya zauna da 'ya'yansa tun safe har dare. A nan ne yake gane wanda yake tsoron ruwa, da wanda yake da tambayoyin da ba a taɓa ba shi zarafin yi ba. Uwa kuma ta sami sa'a biyu ko uku ta zauna hannu sake.

Yanzu mu dubi namu. Muna cewa mun tafi hutun Kirsimeti gida. Maigida ya huta, gaskiya ne, yana ƙarƙashin itace ana kawo masa gaisuwa da abinci. Uwargida fa? Ta bar tukunyar mutum 7 ta koma ta mutum 30. Ita ce ɗiban ruwa, ita ce daka, ita ce wanki, ta tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa. A dawo gari ta kwanta ciwo, mu ce canjin ruwa ne. A makaranta kuma, in aka dawo hutu muka ce yara su rubuta abin da suka yi da iyayensu, yawanci sunan uba yakan fito a wurin sayen kaya kaɗai.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki hutu abin mutum ɗaya ba. A Maimaitawar Shari'a sura 5, da aka ba da umarnin Asabar, an haɗa har da 'ya'ya, da barori, da baƙo, da sa, da jaki. A Littafin Firistoci sura 23 an umarci Isra'ilawa su fita su zauna cikin bukkoki kwana 7 kowace shekara. A Markus sura 6 kuma Ubangijinmu ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta, gama ko zarafin cin abinci ba su samu ba. Wace ce a gidajenmu take cin abinci a tsaye, in ma ta ci?

Ba na ce a sayar da akuya a tafi teku ba. Yawancinmu tsakaninmu da ita tafiyar yini ce ko fiye, hanya kuma ba kullum take da lafiya ba. Kwana biyu sun isa, a cikin gida ko a wani wuri kusa da aka tabbata da lafiyarsa. A ajiye wayoyi. Maigida da samari su ɗauki girki da wanke-wanke, ko da shinkafar ta caɓe. A yi addu'ar safe ba gaggawa, a bar ƙananan su zaɓi waƙa. Dattawan ikkilisiya kuma, ina roƙonku, ku duba tsarin taronku na lokacin hutu. In taron matasa ya bi na zumuntar mata, na maza ya biyo baya, ku bar ko mako ɗaya da ba a kira kowa ba.